Inda na kai da koyon gaisuwar TLS

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da wannan lokaci. A zamanmu na baya na tsaya ne a kan wata matsala da yawancinku kun san ta: ka rubuta ɗan shirinka na Python da laburaren requests domin kwaso farashin kaya daga shafin da kowa ke gani a fili, sai saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta dawo maka da 403, lambar da ke nufin an hana ka shiga, alhali in ka buɗe Chrome a kwamfuta ɗaya, da intanet ɗaya, shafin ya buɗe lafiya lau. Shawarar da kowa ke fara bayarwa ita ce ka canza User-Agent, wato layin da shirinka ke faɗa wa saba ko wace manhaja ce shi. Na canza, ban ga komai ba. Abin da na duƙufa a kai tun daga lokacin shi ne gano dalili.

Dalilin kuwa shi ne, kafin User-Agent ya isa gaban saba, an riga an gama yi maka kallon tsaf. Duk haɗin HTTPS yana farawa ne da musabahar TLS, tsarin da ke kulle saƙo tsakaninka da saba, kuma saƙon farko da kwamfutarka ke turawa, wanda ake kira ClientHello, yana tafiya ne a buɗe, ba a kulle shi ba. A cikinsa akwai jerin hanyoyin ɓoye saƙo da ka iya, da jerin ƙare-ƙaren (extensions) da kake goyon baya, da irin lissafin musayar makulli da kake so. Ba kai ne ka rubuta wannan jeri ba, laburaren da ke ƙarƙashinka ne. Python na dogara da OpenSSL, Chrome na amfani da BoringSSL, Firefox kuma da NSS, kowanne da yadda yake jera kayansa. Kamar mutumin da ya sa hula ya ce shi Bakano ne, amma yana buɗe baki da gaisuwa aka ji Sakkwatanci zalla.

Kada ku ɗauki maganata kawai. Ku buɗe Wireshark, manhajar kama fakitin da ke shiga da fita daga kwamfuta, ku rubuta tls.handshake.type == 1 a wurin tacewa, sannan ku ziyarci shafi ɗaya sau biyu, da burauza da kuma shirinku. Ku ajiye fakitin biyu gefe da gefe. Abin da ya fara ɗaukar idona a na Chrome shi ne wasu lambobi masu kama da shirme a saman jerin, irin su 0x0a0a ko 0x5a5a ko 0xdada, kuma suna canzawa a kowane haɗi. Sunansu GREASE. David Benjamin na Google ne ya tsara su, suka zama RFC 8701, wato takardar ƙa'idar intanet, a 2020, kuma manufarsu ita ce a saba wa sabobi da ganin lambar da ba su sani ba ba tare da sun katse haɗi ba. Guda 16 ne. A fakitin Python babu ko ɗaya. Wannan kaɗai ya isa a gane cewa mai iƙirarin Chrome ɗin nan ba Chrome ba ne.

Masu tsaron shafuka ba sa zama suna karanta fakiti ɗaya-ɗaya, dunƙule shi suke yi ya zama zanen yatsa. A 2017 wasu injiniyoyi uku a Salesforce, John Althouse da Jeff Atkinson da Josh Atkins, suka fitar da JA3. Ana ɗauko abubuwa 5 daga ClientHello, a jera lambobinsu, a wuce da su ta lissafin dunƙulewa na MD5, a samu haruffa 32. Ya yi tashe na shekaru, har sai da Chrome 110 ya fito a farkon 2023 yana yamutsa tsarin ƙare-ƙarensa a kowane haɗi. Daga nan JA3 na Chrome ya daina tsayawa wuri ɗaya. A cikin shekarar Althouse, a kamfanin FoxIO, ya fito da JA4, wanda ke fara tsara jerin daga ƙarami zuwa babba kafin ya dunƙule, don haka yamutsawar ba ta dame shi.

Ni JA4 ya fi burge ni domin ɗan Adam na iya karanta farkonsa. Na Chrome da na gani ya fara da t13d1516h2. Harafin t na nufin TCP, 13 na nufin TLS 1.3, d na nufin an ambaci sunan shafi, 15 yawan hanyoyin ɓoyewa, 16 yawan ƙare-ƙare, h2 kuma na nufin mai zuwan ya fi son HTTP/2. Na requests yana ƙarewa ne da h1, domin laburaren bai iya komai ba sai HTTP/1.1. To wane Chrome ne a yau zai zo yana cewa bai san HTTP/2 ba?

Akwai kuma girma. Tun Chrome 124 a 2024 aka fara saka makullin da ake fatan zai jure kwamfutocin kwantum, da farko X25519Kyber768, daga Chrome 131 kuma X25519MLKEM768. Makullin kaɗai ya haura bayit 1200, shi ya sa gaisuwar Chrome ta yanzu kan kasa shiga fakiti ɗaya. Idan User-Agent ɗinka na cewa sabon Chrome ne kai, amma gaisuwarka 'yar firit ce, ka tona kanka.

Bayan TLS sai hawa na biyu, wanda ni a ganina an fi yi wa riƙon sakainar kashi. Da zarar an buɗe HTTP/2, burauza na tura saƙon SETTINGS da WINDOW_UPDATE, kuma kowace da lambobinta. Masu bincike a Akamai sun bayyana wannan hanya a 2017. Chrome na sa girman taga 6291456 a SETTINGS, ya biyo da WINDOW_UPDATE na 15663105, Firefox kuma 12517377. Har tsarin kanun (headers) nan huɗu masu farawa da ɗigo biyu ya bambanta: Chrome na jera method, authority, scheme, path, shi kuwa Firefox method, path, authority, scheme. Wannan ɓangaren a kulle yake tafiya, don haka in kuna son ganinsa a Wireshark sai kun saita SSLKEYLOGFILE kafin ku kunna burauzar, sannan ku nuna wa Wireshark fayil ɗin da aka rubuta makullan. Ku goge fayil ɗin in kun gama, domin duk wanda ya same shi tare da fakitinku zai karance abin da kuka yi.

Sai sauran kanun. Chrome na tura sec-ch-ua da Sec-Fetch-Site da 'yan uwansu a wani tsari sananne, kuma Accept-Encoding ɗinsa na ɗauke da br da zstd. Kwafe su da hannu ba wuya. Wuyar ita ce su yarda da juna.

Maganin da na samu shi ne daina ƙoƙarin lanƙwasa OpenSSL. Akwai curl-impersonate, wanda ya fito a 2022: an ɗauki curl na Daniel Stenberg aka sake gina shi da BoringSSL domin ya yi gaisuwa irin ta Chrome. A Python ana samun sa ta curl_cffi, kuma amfaninsa bai fi ka ƙara impersonate="chrome" a cikin kiran get ba. Masu rubuta Go suna da uTLS, wanda asalinsa an yi shi ne domin manhajojin kauce wa toshe intanet, kada gwamnati ta gane su daga gaisuwa. Da na gwada curl_cffi a kan 'yar sabar da na kafa da kaina na duba fakitin, GREASE ya bayyana, h2 ya bayyana, lambobin taga suka yi daidai. Shawara ɗaya a nan: in kun zaɓi impersonate, ku bar masa User-Agent ɗinsa. Ɗora na Firefox ko na wani tsohon Chrome a kai ya fi barin python-requests muni, domin shi na python-requests aƙalla bai yi ƙarya ba.

Ƙasa da TLS ma akwai wani hawa da laburare ba ya iya taɓawa. Fakitin TCP na farko yana ɗauke da alamun tsarin kwamfutar. Linux na fara TTL, wato yawan zangon da fakiti zai iya ratsawa, da 64, Windows da 128, kuma tsarin zaɓuɓɓukan TCP ɗinsu ba ɗaya ba ne. Manhajar p0f ta Michał Zalewski tana karanta wannan tun 2000. Ga kuma adireshin IP: wanda ya fito daga rumbun hayar sabobi an san shi, wanda ya fito daga layin waya an san shi. Mu da muke jona kwamfuta da datar waya, galibi adireshi ɗaya muke rabawa da jama'a masu yawa a kan layin, saboda haka in shirinka ya yi hauka aka toshe adireshin, ba kai kaɗai abin zai shafa ba.

Wannan ne ma ya sa na ja wa kaina layi. Ina karanta robots.txt, fayil ɗin da shafi ke faɗa wa shirye-shirye inda ya yarda su shiga, kafin komai, al'adar da Martijn Koster ya kawo a 1994 wadda ta zama RFC 9309 a 2022. Ina sa tazarar daƙiƙoƙi tsakanin buƙatu, in na ga 429, lambar da ke nufin buƙatu sun yi yawa, in tsaya in bi abin da Retry-After ya ce, kuma ba na kusantar shafin da ke neman kalmar sirri ko mai ɗauke da bayanan mutane. Inda akwai API a buɗe, wato ƙofar da shafi ya tanadar wa shirye-shirye, can nake bi, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shafin da ya jefo min jarrabawar JavaScript ko CAPTCHA kuwa, ya faɗa min a fili ba ya son baƙo irina, kuma curl_cffi ma ba ya gudanar da JavaScript, don haka nan nake juyawa.

Abin da ke gabana yanzu shi ne HTTP/3. Yana tafiya ne a kan QUIC ta UDP, JA4 ɗinsa kuma da q yake farawa maimakon t. Wanda ya riga ya kama fakitin QUIC na Chrome a Wireshark a cikinku, ya taho da shi zama na gaba mu buɗe tare.