Aikin lambu da ciyawar tsakar gida daga marka zuwa kaka

Ruwan shekara a Zariya kusan milimita 1,000 ne, mafi yawansa yana sauka tsakanin Yuli da Satumba, Agusta ne kuma kan gaba. Zuwa tsakiyar Oktoba sama ta ɗauke, sai raɓa, daga nan wata shida ko fiye sai abin da ka ɗebo da hannunka. Wurin da nake kula da shi ba babba ba ne: ciyawar ado mita 10 a mita 8, fangali shida na kayan miya, mangwaro biyu, lemo, gwaba, gwanda, da zogale a jikin katanga. A watan Agusta komai nasa shar yake, ko ka kula ko ba ka kula ba, don haka na daina auna lafiyarsa da ganye. Saiwa nake dubawa, domin ita ce za ta ɗauki nauyin rani, kuma mako shida zuwa bakwai kawai nake da su, daga ƙarshen Agusta zuwa ɗaukewar ruwa, in gyara mata zama.

Aikin farko fitar da ruwa ne. Ƙasar wajen Samaru da kewaye mai laushi ce ƙwarai, idan ruwa ya dake ta sai samanta ya yi ɓawo ya toshe, a wasu wuraren kuma marmara na kwance a ƙasa ba nisa. Ruwa sai ya rasa hanyar nutsewa. Bayan an yi ruwa mai ƙarfi nakan fita da tsinke in kafa a duk inda ya kwanta fiye da rabin yini. A gefen fangali ina tona 'yar hanyar ruwa mai zurfin taƙi ɗaya ta kai shi rariyar gida. Gwanda ce ta fi kowa rashin haƙuri: kwana biyu ruwa ya zauna a gindinta, ganyen ƙasa ya yi rawaya ya langaɓe, ka dafa ta ka ji tana rawa, saiwa ta ruɓe ke nan. Shi ya sa nake tara mata ƙasa ta zauna kan tudu. Lemo kuma idan laka ta rufe masa gindi yakan fara tsattsafo da ƙaro, ɓawon ya mutu a zagaye. Nakan janye ƙasar har wuyan saiwa ya sha iska. Gwangwani, tsohuwar taya da duk abin da ke riƙe ruwa a kife su, wannan don sauro ne.

Ciyawar da ke filin kiri-kiri ce, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo. Na zaɓe ta saboda tana jure taku da fari, amma ba ta son inuwa, ƙarƙashin mangwaro tuni na haƙura na shimfiɗa tsakuwa. A marka duk mako nake yanke ta, ina barin tsawon santimita 3 zuwa 4. Ƙa'idar da ba na karyawa ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda. Na taɓa barinta mako uku sannan na aske ta har ƙasa, washegari filin ya koma ruwan ƙasa, don ganyen duk a sama yake, abin da ya rage kara ne tsirara, kuma kafin ta farfaɗo tuji da harkiya sun cike gurbin. Idan ta riga ta tsere maka, rage ta a yanka biyu ko uku, kwana huɗu tsakani. A jira raɓa ta bushe kafin a sa inji ko adda, a kuma wasa wuƙar. Dakusasshiyar wuƙa yage ganye take yi, bakinsa ya yi fari-fari, ta nan cuta ke shiga.

Cira ita ce ta fi cin lokaci, kuma kowace ciyawa da halinta. Tuji inda ƙasa ta daddage take fitowa, kan hanyar da ake bi zuwa famfo misali, in ka tuge ta ba ka sassauta ƙasar ba za ta dawo. Balasa kuwa kada ka kuskura ka cire ta ka yar a wurin, kowace gaɓa tata saiwa take yi, ruwa ɗaya ya ishe ta ta miƙe. Ina tara ta a baro in zube kan siminti ta bushe ƙarau. Aya-aya ce babbar matsala, saboda 'ya'yan da take jerawa a ƙarƙashin ƙasa kamar carbi. Fartanya sai dai ta yanke kai ta tayar da sauran. Ina bin ta da ƙaramin ƙarfe bayan ruwa, lokacin da ƙasa ta yi taushi, in tono ɗan da ke gindi, kuma ba a shekara ɗaya ake gamawa da ita ba. Ƙarangiya, gude-gude da kyasuwa a Satumba suke fitar da kai, duk wadda ta zubar da iri ta bar maka aikin baɗi, don haka kafin kan ya nuna nake cire su.

Maganin feshi ba na kai shi cikin filin. Mai kashe komai, wanda ake fesawa kafin shuka, ba ya bambanta kiri-kiri da tofa. Mai kashe faffaɗan ganye kuma, wato 2,4-D, iska kaɗan ta ɗebe shi zuwa fangali sai ka ga ganyen tumatir da kuɓewa sun murɗe sun zama kamar igiya. Ko injin feshin da aka taɓa zuba shi ciki ba na yarda a yi wa kayan miya amfani da shi.

Makon farko na Satumba nake huda filin. Rodi mai tsini nake amfani da shi, zurfin santimita 10, taƙi ɗaya tsakanin rami da rami, na fi matsawa inda ake yawan taku. Sai in haɗa yashin rafi da ruɓaɓɓen taki daidai wa daida, in tankaɗe, in baza kaurin santimita 1, in bi da manjagara ya shiga ramukan. Filin mita 80 murabba'i yana cin baro goma sha biyu zuwa sha uku. Kada kaurin ya binne ganye, sai an ga tsinin ciyawar na leƙowa. Inda ya yi sanƙo ina yanko jijiyoyin kiri-kiri daga gefen fili, masu gaɓa uku ko huɗu, in dasa santimita 15 tsakani, in take da ƙafa. Suna buƙatar mako huɗu zuwa shida na danshi kafin su rufe, saboda haka dashen da ya wuce tsakiyar Satumba na mai rijiya ne.

Takin zamani sau ɗaya nake sawa a wannan tsakanin, kamfa 15:15:15, giram 25 zuwa 30 a kowace mita murabba'i, wato kilo 2 da ɗan ɗori ga filin duka. Ina raba shi biyu, rabi in watsa ina tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa, don kada ya yi zane-zane. Ganye ya zama a bushe, ƙasa da danshi, kuma a bi da ruwa in sama ba ta yi ba, in ba haka ba kowace ƙwaya da ta maƙale sai ta bar tabon ƙuna. A tsakiyar marka asara ce, ruwa ke wanke shi. Yuriya kuma na daina sa ta bayan tsakiyar Satumba. Tana sa ciyawa ta yi kore mai ɗaukar ido, amma ganye ne mai taushi da shan ruwa, iskar hunturu ta farko ke ƙone shi. Daga ƙarshen Satumba nake ɗaga yanka zuwa santimita 5 ko 6, don ganyen ya yi wa ƙasa inuwa.

Akwai lissafin da ya kamata mai fili ya yi tun yanzu. Don ciyawa ta zauna kore a rani tana son abin da bai gaza lita 25 ba a kowace mita murabba'i duk mako, jarka ɗaya ke nan. Nawa filin jarka 80, duro goma a mako, kuma idan zafin Maris ya shigo bai isa ba. Wanda ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa ya san abin da wannan ke nufi. Ni kashi ɗaya cikin uku nake shayarwa, wajen da ake zama, sauran in bar shi ya bushe. Kiri-kiri mai zurfin saiwa ba mutuwa take yi ba, da ruwan Mayu take tashi. Shayarwar ma mai yawa sau biyu a mako ta fi yayyafin kullum, wanda ke jawo saiwa sama.

Duk ciyawar da aka yanka, ganyen kuɓewa da ragowar alayyafo rami suke tafiya, mita ɗaya kowane gefe. Taƙi ɗaya na ɗanyen ganye, rabin taƙi na kashin shanu ko na kaji, barbaɗen toka, ɗan ƙasa, a sake. Ina juyawa duk mako biyu zuwa uku. Idan ka tura hannu tsakiya ka ji ɗumi, aiki na tafiya. Idan wari ya tashi ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen kara a rufe da tsohon buhu. Wanda aka haɗa ƙarshen Agusta yana nuna a Nuwamba, daidai lokacin da fangali ke nemansa. Ciyawar da ta riga ta yi iri, da saiwar tumatir ko kuɓewa mai ƙulle-ƙulle, wuta nake sa musu. Ƙulle-ƙullen nan aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani, kuma fangalin da na same ta ba na maimaita masa tumatir, albasa ko masara nake sawa.

Rainon kayan rani daga tsakiyar Satumba nake farawa. Gadon raino faɗin mita ɗaya, a ɗaga shi santimita 15 tunda har yanzu ana ruwa. Ina tara kara a kai in ƙone, in bari ya huce, in gauraya tokar da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro yake yi. Layi santimita 10 tsakani, zurfi bai wuce santimita 1 ba, a rufe da busasshiyar ciyawa, a yaye ta ranar da tsiro ya leƙo, in an makara sai ya yi dogon wuya fari. Abin da ya fi kashe raino a wannan wata shi ne ruɓewar wuya: da safe ka tarar da tsiro a kwance, gindinsa ya tsuke kamar zare. Cunkoso da yawan danshi ke kawo shi. Maganinsa shuka da tazara, ban ruwa da safe kawai, da rumfa mai tsayin ƙugu da za ta tare dukan ruwan sama ta bar iska ta ratsa. Tumatir da latas mako uku zuwa huɗu suke yi a gado, kabeji huɗu zuwa biyar, tattasai da attarugu biyar zuwa shida, albasa shida zuwa takwas. Karas ba a dasa shi, a fangalinsa ake shukawa. Mako ɗaya kafin dashe nake cire rumfa in rage ruwa don tsiron ya yi ƙwari, dashen kuma da yamma, tumatir santimita 60 tsakanin layi, 45 tsakanin gindi.

Tun a gado nake duba bayan ganye. Farin ƙuda ne ke kawo cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, sannan ga sharon, tsutsar da ta cinye tumatir a jihar Kaduna a 2016, wadda ke shiga tsakanin fatar ganye ta bar farin tabo. Ganyen da ta shiga ina tsinkewa in ƙone. Don rigakafi ina daka ƙwayar dogon yaro, giram 50 a lita ɗaya, ta kwana a jiƙe, in tace, in sa ɗan sabulu, in fesa da yamma duk mako. Ba ya kashewa nan take, hana ci yake yi, kuma rana na karya ƙarfinsa, shi ya sa ba a ajiye shi.

Itatuwa ba su da aiki mai yawa. Sabon dashe da ya wuce Agusta zai sha wahala. Kauci a kan lemo da gwaba ina sare reshen daga ƙasan inda ya kama. Zogale in datse shi daidai ƙugu ya yi rassa. Babban mangwaro kuwa daga Oktoba ba ruwa ba taki, bushewar nan ce ke sa shi fure a hunturu, in ka shayar da shi sabon ganye zai ba ka.

Da na ga ruwa ya fara tazara, kwana biyar ko shida tsakani, sai in yi wa kowane ƙaramin itace kwano a gindi in lulluɓe da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, kaurin yatsa huɗu, tun ƙasa na da danshi. Lulluɓin da aka yi bayan ƙasa ta bushe ba abin da yake tsarewa. Ina barin faɗin tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen, saboda gara na bin busasshiyar ciyawa ta hau, ta fi tsananta kuma daidai lokacin da ruwa ya ɗauke. Irin kuɓewa, alayyafo da yakuwa daga gindin da ya fi lafiya nake bari ya bushe a jikinsa, in ƙarasa shanyawa a inuwa, in zuba a kwalba da toka in rubuta wata da shekara. Shinge kuma kafin a gama girbi nake ɗaure shi, domin da an kwashe amfanin gona ake sakin awaki, kuma gadon raino ne kaɗai kore a unguwar.