Abin da na gani da na haska lesa kan nanotub na kabon

Duk wanda zai fara aikin Raman (wato haska lesa kan abu a auna yadda hasken da ya dawo ya sauya) kan nanotub na kabon, waɗannan ƙananan bututun kabon da ido ba ya iya gani, shawarata ita ce kar ya tsaya kan lesa ɗaya. Ni dai yadda nake yi, in ɗiga ruwan da aka watsa nanotub ɗin a ciki kan ɗan guntun silikon, in bari ya bushe, sannan in sa ƙarƙashin madubin na'urar. Kafin komai sai na saita ta da layin silikon, wato tsinin da ke fitowa a jadawalin da na'urar ke zanawa wajen 520 cm⁻¹ (ma'aunin sauyin hasken ke nan), don in wannan ya goce to duk awon ranar ya goce.

Wajen da ya fi burge ni shi ne can ƙasa, tsakanin 100 da 350, inda RBM ke fitowa, wato bututun gaba ɗayansa yana kumbura yana tsukewa kamar mai numfashi. Daga nan kake gane kaurinsa, ka raba 248 da lambar da ka gani, in layin ya fito a 200 kaurin ya kai nanomita 1.24 ke nan, amma fa lissafin na bututu mai bango ɗaya ne da ke kwance shi kaɗai, in sun dunƙule sai lambar ta ɗan matsa. Kuma ba kowane bututu ke amsawa ba, sai wanda ƙarfin hasken ya dace da tsarin elektron ɗinsa. Na haska koren lesa na 532 na ga layuka, na sauya zuwa ja na 633 ban ko motsa samfurin ba, wallahi sai wasu daban suka fito waɗancan suka ɓace. Shi ya sa taswirar Kataura ta 1999, mai nuna ƙarfin hasken da ya dace da kowane kaurin bututu, ba ta barin teburina.

Layin G, mai nuna girgizar ƙwayoyin kabon a jikin bangon bututun, yana wajen 1590 kuma yakan rabu biyu, in na ƙasan ya baje ya yi faɗi to alama ce bututun irin mai wuce da lantarki ne kamar ƙarfe. D kuwa wajen 1350, shi ke tona lahani a jikin bututun.

Sai maganar zafi. In ka ƙure ƙarfin lesa kana gani G zai fara zamewa ƙasa, ka ƙara kuma wurin ya ƙone ya bar tabo. Yanzu da ƙarfi kaɗan nake farawa in tsawaita lokacin ɗauka, ko da zan kai magariba a lab.