Safar Abba

Asabar. Yayyafi tun asuba. Ummi ta tashi da mura, na dama mata kunun gyaɗa, ta sha rabi ta koma barci. Babansu bai dawo daga aikin dare ba sai ƙarfe takwas.

Yau ne wasan ƙwallon da Abba ya ishe mu da zancensa tun watan jiya, Sukotland za ta buga a filin Hampden da ke Glasgow, kuma yau ne zai fara sa kiltin nan, tufar gargajiyar mazan Sukotland mai kama da siket, da ya tara kuɗi ya saya a shagon gwanjo. An sha rigima a kansa. Ni sharaɗina ɗaya ne, gwiwa ta rufu. A wajensu tsakiyar ƙoƙon gwiwa yake tsayawa, amma Allah ya taimake ni mai shi na farko dogo ne, sai ya sauka wa Abba ƙasa da gwiwa, ga wando a ciki. Da haka babansa ya yarda.

Jiya har sha ɗaya na dare ina bin kalmasar bayansa da dutsen guga ɗaya bayan ɗaya. Yadi takwas na ulu, nauyi kamar bargo. Na sayo masa doguwar safa mai ruwan madara, irin wadda ake naɗe bakinta a ƙasan gwiwa da kamar yatsa uku. Na goge baƙin sau-cikin babansa har yana ɗaukar ido.

Sai ga shi ya fito da rigar ƙwallo, da zabirar da ake ratayawa a gaban kilti, da but ɗinsa na Timberland wanda har yanzu taɓon tudun Conic Hill bai gama fita daga jikinsa ba. Safar kuwa wata mai kauri ce ruwan toka, ya tura ta ƙasa ta taru a bakin but.

Na ce, “Abba, wannan wace irin shiga ce? Ina safar da na sayo?”

Ya ce, “Mama, ai waccan ta biki ce.”

“To ja wannan sama.”

“Mama, wallahi ba mai ja.”

Muna cikin haka a bakin matakala sai Baba na ƙasa, maƙwabcinmu ɗan Sukotland, ya buɗe ƙofa zai fitar da shara. Na ce a raina alhamdulillahi, ga mai kayan, shi zai raba mu. Ya tsaya ya ƙare wa Abba kallo daga sama har ƙasa, ya ce daidai ne. Abu ɗaya ya gyara masa: ya sunkuya ya ɗan ɗago safar ƙafar hagu, ya ce a bar ta ta leƙo sama da bakin but, in ba haka ba fata za ta ci masa ƙafa kafin ya kai Mount Florida, unguwar da filin yake. Ya ce siririyar safa ba ta tafiya da but, ƙafa sai ta zama kamar sanda a cikin bokiti, kuma but ya tsaya a idon sawu, ban da mai hawa ƙwauri. Tsawon kiltin ya lura da shi. Abba ya gaya masa dalili, ya gyaɗa kai kawai.

Na shiga na ɗauko tawa safar na nuna masa. Ya juya ta a hannu ya ce mai kyau ce, amma irinta shagunan haya suke bayarwa ranar aure, tare da takalmin nan marar harshe da ake naɗe igiyarsa a idon sawu. Ya ce sojojinsu a yaƙin duniya na farko da but suka sa kilti, cikin taɓo. Ya kawo zancen dokar 1746 da ta hana mutanen tsaunuka sa shi bayan yaƙin Culloden, shekara 36 kafin a janye ta a 1782, yana faɗa da zafi kamar jiya aka yi. Sannan ya ce abin da ya hana ni sakat yau: kayan haya ne ake sa wa a miƙe, ana tsoron taɓa su. Wanda kiltin nasa ne, da takalmin da ya tarar a bakin ƙofa yake fita.

Abba ya sauka yana tsallake matakala bibbiyu. Na leƙa ta taga, titi cike da irinsu, tsofaffi da yara, kusan kowa safa a ƙasa.

Na yi wanki. Na kira Inna, layin yana yankewa.

Da na je ajiye kaya a ɗakinsa ne na ga kaftaninsa na shadda a rataye cikin leda, inda na sa shi tun Babbar Salla. Sau biyu a shekara yake fitowa. Ni nake gogewa, babansa yake karya masa hula, ya tsaya a sandare a yi hoto, kafin la’asar ya fara tambaya ko zai iya cirewa. Na tuna Yaya a Zariya, yadda yake tattare kaftani ya buga ƙwallo a ƙofar gida, hula ta koma ƙeya, silifas ɗaya nan ɗaya can, aljihu cike da gyaɗa. Ban taɓa ganin kaftanin Abba ya yamutse ba. Kuma ni ce. Ni nake cewa cire kafin ka ci abinci kada manja ya taɓa, kada ka zauna a ƙasa, ka san nawa aka ɗinko shi, ka san wahalar da aka sha kafin ya iso. Shekara goma sha shida ina faɗa masa haka.

Na daɗe zaune a bakin gadonsa. Kiltin bai dame ni ba, ya yi masa kyau ƙwarai. Sakewar da na gani a jikinsa a kan matakala ce take ta dawo mini.

Ya dawo bayan magariba, murya ta dishe, ban ma tambayi yadda aka tashi ba. But a bakin ƙofa, safa a kan hita tana tururi. Na cire kaftanin daga leda na rataye shi a bayan ƙofarsa, kusa da rigar sanyinsa. Ya shiga ya fita sau biyu, bai ce komai ba tukuna.

Zazzaɓin Ummi ya sauka.