Talata, ban saki shafi na 43 ba

Jiya da daddare na saki shafi na 42 na littafina, na bar tauraruwarsa Binta kwance a gadon asibiti. Yau kafin in ninke sallaya saƙonni sun cika zauren WhatsApp ɗin masu karatu. "Anti don girman Allah kar ki kashe ta." Wata ta ce in Binta ta mutu a maido mata da naira ɗari biyar ɗinta. Wata kuma murya ta turo, minti huɗu cur tana sheshsheƙa, ana jin injin markaɗe na ruri a bayanta.

Ni kuwa tun ranar da na ɗora alƙalami na san Binta mutuwa za ta yi. A kan mutuwar tata na gina labarin kaf. Sai dai na san halina. A littafin baya sau biyu ina sauya akala saboda surutun zaure: na mayar da auren da na raba, na shiryar da kishiyar da ba ta da niyyar shiryuwa. Aka yi ta ruwan yabo, ni kuma har yau ban iya sake buɗe shi ba.

Ba wuta tun shekaranjiya. Da hantsi na aiki Abba ya kai wayar wurin mai caji a Ƙofar Ƙaura. Ga kuɗin data tun da aka yi ƙarin kashi 50 a farkon 2025 sai mutum ya yi lissafi kafin ya buɗe bidiyo.

Da azahar na leƙa gidan Gwaggo a Ƙofar Marusa. Ina shiga tsakar gida na ji zancena na fitowa daga wayar 'yarta, ta jingine ta da gwangwanin omo tana wanke-wanke. Shafi na 30 ne, wanda sai an biya ake karantawa. Wani ya kwashe ya ɗora a YouTube, muryar na'ura na karantawa, an canza sunan littafin, nawa sunan ko alama. Na'urar ba ta san ƙ da k ba, ba ta san karin sauti ba, inda na rubuta baƙi ta ce baki. Na ce, "Ke, kin san na wa ne wannan?" Ta ce, "Mi? Wallahi Yaya daɗi gare shi, ki saurara." Dariya na yi, ban gaya mata ba. Abin haushin ma har na ji daɗin yadda ta tsaya da soso a hannu daidai wurin da na so mai karatu ya tsaya.

A Napep ina dawowa Batsari ta faɗo mini a rai. Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan ta Katsina saboda 'yan bindiga, ina can ina jinyar yayata. Zaman ɗar-ɗar ne, ba na fatan a maimaita. Amma kusan wata uku ba wanda ya ce mini a yi kaza, kar a yi kaza. Littattafan makaranta masu shafi 60 na cika da biro har guda huɗu, kuma a cikinsu aka haifi Binta. Da layi ya dawo ne na fara tambayar mutane me suke so.

Bayan isha'i na ɗauko na huɗun daga ƙasan akwati, kyankyaso ya ɗan ci gefensa. Da fitilar caji na rubuta mutuwar, shafi uku, hannuna har ya sage don na saba da danna waya da manyan yatsu. Ban kwafe ba tukuna.

A zaure na rubuta, "Ku yi haƙuri, yau ba sabon shafi, ba mu da wuta." Ko minti ɗaya ba a yi ba wata ta amso: "Anti turo lambar asusun mai cajin, mu za mu biya."