Yadda na nemo abin da ke raba 4,294,967,297

Lambar da na sa a gaba ita ce 4,294,967,297, wadda ake samu idan aka ninka 2 da kanta sau 32 sannan aka ƙara 1. A shekarar 1640 masanin lissafi Pierre de Fermat na Faransa ya yi zaton duk lambobin da ke cikin jerin 3, 5, 17, 257, 65,537 da masu biyo bayansu ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, kuma wannan ce ta shida a jerin, wanda ake samun kowace lambarsa ta hanyar cire 1 daga wadda ta gabace ta, a ninka abin da ya rage da kansa, sannan a ƙara 1. Na san masanin lissafi Leonhard Euler ya rusa zaton a 1732, amma na ƙudurta nemo abin da ke raba ta da takarda da biro kawai, ba tare da kwamfuta ba.

Gwajin farko bai ɗauke ni lokaci ba. Lambar ta ƙare da 7, don haka 2 da 5 ba sa raba ta, kuma jimillar alƙalumanta 59 ce, wadda 3 ba ta shiga. Daga nan na kama rabawa da 7, da 11, da 13, ina tafe ɗaya bayan ɗaya, har na cika shafi biyu kafin na tsaya na ƙiyasta nisan da ke gabana. Tunda 65,536 sau 65,536 ya gaza lambar da 1 kacal, bincike ba zai wuce nan ba, amma a ƙasa da wannan iyaka akwai lambobi marasa rabuwa har 6,542. Nan na gane cewa na fara aiki kafin na yi tunani, wanda shi ne babban kuskurena.

Abin da ya fid da ni shi ne ƙa'idar Euler, wadda ta nuna cewa duk lamba marar rabuwa da za ta raba wannan dole ta zama ninkin 64 da ƙarin 1. Da na jera su na cire masu rabuwa, na farko-farkon su ne 193, 257, 449, 577 da 641.

Na kuma daina doguwar rabawa, domin a cikinta na riƙa tsallake alƙalami ba tare da na ankara ba. Sai na koma bin ragowa kaɗai: tunda lambar ita ce 65,536 sau 65,536 da ƙarin 1, ya isa in ninka ragowar 65,536 da kanta in ƙara 1, in ga ko lambar da nake gwadawa ta raba sakamakon. Da na raba 65,536 da 641, ragowar ta zama 154. Na ninka 154 da kanta na sami 23,716, na ƙara 1 ya zama 23,717, wanda shi ne 641 sau 37 daidai ba saura. Ban yarda da idona ba sai da na yi rabawar gaba ɗaya, na sami 6,700,417, na sake ninkawa baya ta dawo da lambar cif. A ganina wannan dabara ta bin ragowa ta fi amsar kanta amfani, domin ta mayar da lamba mai alƙaluma goma zuwa lissafin da bai wuce alƙaluma biyar ba.

Daga baya na fahimci cewa masanin lissafi Édouard Lucas ya ƙara tsaurara ƙa'idar a 1878, inda ya nuna mai rabawar dole ta zama ninkin 128 da ƙarin 1. Da na san haka tun farko, da 257 da 641 kaɗai zan gwada, domin 641 ita ce 128 sau 5 da ƙarin 1.