Megabait 38: yadda na rasa muryar wani tsohon marini wajen ƙaura daga manhaja

Ƙanena ne ya fara gano ɓarnar. Muna zaune a zaure bayan la'asar ina ta cika masa baki cewa na kwashe kayana kaf daga manhajar da nake ajiye rubuce-rubucena, sai ya ce, "Yaya, fayil ɗin da ka sauke nauyinsa nawa?" Na duba kwamfuta na ce megabait 38. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "Yaya, ai hira guda ta awa ɗaya ma ta kusa haka. Hirarraki nawa ka ce kana da su a ciki?" Sun haura sittin. A lokacin kuwa an yi wata biyu da na goge asusuna da hannuna.

Tun 2015 nake amfani da ita. Ba zan kama sunanta ba, ƙarama ce, ba cikin waɗanda kowa ya sani ba. Aikina tattara tarihin sana'o'in gargajiya don shirin rediyo, kuma abin da ya sa na so ta shi ne a shafi guda ina rubutu, ina ɗaukar hoto, ina naɗar murya. Ko a ƙauyen da babu sabis tana buɗewa nan take. In na dawo gari na kunna data sai ta tura komai, in tarar da shi a kwamfuta.

Lalacewarta a hankali ta zo. Aka yi wata babbar sabuntawa, manhajar da ke buɗewa kafin ka ƙifta ido ta koma sai ka tsaya kana kallon wani da'ira yana juyawa. Aka cusa kalanda, aka cusa jerin ayyuka, aka cusa wurin hira da "abokan aiki", ni da ba ni da abokin aiki a ciki sai kaina. Daga baya aka kawo maɓallin da zai taƙaita maka rubutunka, wanda ko gaisuwar Hausa bai gane ba. Buɗe rubutu ba tare da intanet ba kuwa, abin da ya kawo ni tun farko, aka mayar da shi na masu biya. Na biya. Sai kuɗin ya tashi, kuma da dala, a daidai lokacin da dalar da ake lissafawa wajen naira 460 a farkon 2023 ta doshi 1,500 a farkon 2024, ga bankuna da dama sun rufe biyan kuɗin waje da katin naira. Sai na roƙi wani da ke da katin dala ya biya mini in tura masa, kowace shekara da ɗan kunyarta.

Yanzu da fushina ya ɗan sauka na gane ba mugunta ba ce tsagwaronta, lissafi ne. Manhajar rubutu aba ce da ake iya gamawa: ta buɗe, ta ajiye, ta nemo. Amma kamfanin da ya ci kuɗin masu zuba jari ba shi da ikon cewa ya gama. Duk hoton da mai amfani kyauta ya ɗora, akwai wanda ke biyan kuɗin ajiyarsa wata-wata, shekara da shekaru. Irina masu biyan na mutum ɗaya ba ma ciyar da gida. Kamfanonin da ke saya wa ma'aikata ɗari su ne kasuwa, don haka ake ƙera abin a kan bukatarsu. Ga Google Keep da OneNote da ta wayar Apple suna ba da irin wannan aikin kyauta, saboda su ba da shi suke ci ba. Wanda ya kasa jurewa sai ya rufe shago, kamar Catch a 2013 da Springpad a 2014. Ko Evernote, giwar wannan dawa, ta taƙaita masu amfani kyauta ga na'ura biyu a 2016, kamfanin Bending Spoons na Italiya ya sanar da sayenta a ƙarshen 2022, a Disamban 2023 kuma aka tsayar da na kyauta a rubutu 50. Duk ina karanta waɗannan labarai ina cewa Allah ya kyauta, kamar gobarar wata unguwa.

To amma asarar da na yi, ni na jawo ta. Ranar da na yanke shawarar tashi, na danna wurin fitar da bayanai, ya ba ni dunƙulallen fayil guda. Na warware shi, na ƙirga: rubutu 2,114 a manhaja, 2,114 a folda. Na buɗe uku ko huɗu, ga rubutuna tsaf, har ƙ da ɗ da ɓ ba su rikiɗe sun koma alamar tambaya ba, wanda shi ne abin da na fi jin tsoro. Na ce shi ke nan. Ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne. Duk waɗanda na buɗe ɗin na rubutu ne zalla. Ban buɗe ko guda mai murya ba. A cikin waɗancan, inda hirar take, layi ɗaya aka bari, adireshi mai nuna inda muryar ke zaune a rumbun kamfanin. Muddin asusuna na raye, in ka danna za ta yi magana. Ni kuwa saboda haushi na je na goge asusun a daren. Sau biyu ta tambaye ni ko na tabbata. Ta ce ina da kwana talatin in na canza ra'ayi. Na ji daɗin danna "eh" ɗin nan, wallahi har da ɗan murmushi.

Mafi yawan hirarrakin na same su, domin an watsa su a shiri kuma akwai kwafi a wurin aiki, wasu kuma suna cikin tsohuwar wayata. Guda tara ne suka tafi. Takwas na haƙura da su. Ta taran ce ke hana ni barci.

A 2018 na je Kura, garin da ake rina turkudin da Buzaye ke naɗawa. Aka haɗa ni da wani tsohon marini, hannayensa sun yi shuɗin da ba sabulun da zai fitar, har cikin farce. Muka zauna bakin karofi kusan awa biyu. Ya yi mini bayanin yadda ake haɗa baba da toka da katsi, yadda ake gane rijiya ta nuna daga kumfarta da warinta, da yadda mabuga ke dukan ƙyalle da shuni har ya riƙa ɗaukar ido. Can wajen ƙarshe ya rera waƙar da suke yi suna yara in ana motsa rijiya, yana yi yana dariya don ya manta wani baiti, sai ya koma ya kamo shi. Ban taɓa sa hirar a shiri ba, ina ta ajiye ta sai na sami lokacin yi mata aiki mai kyau. Ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa. Megabait 38. Lambar tana gabana a ranar, ƙarƙashin sunan fayil ɗin, ban kalle ta ba.

Na rubuta wa kamfanin sau uku. Amsar farko inji ne ya bayar. Ta uku mutum ne, cikin ladabi ya ce bayan kwana talatin an share komai, kamar yadda na nema.

Yanzu rubutuna fayiloli ne na Markdown, wato rubutu tsura da kowace kwamfuta za ta iya buɗewa, a folda guda. Ina duba su da wata manhaja mai suna Obsidian, amma in ita ma ta fara nata gobe, foldar tana hannuna. Murya kuwa ba na sake naɗa a cikin wata manhajar rubutu. Ina naɗa daban, in sa mata suna da kwanan wata da gari, in kwafa a faifan ajiya na waje da filas guda da ke gidan ƙanena. Duk manhajar da aka tallata mini, gwajina guda ne: in saka rubutu da hoto da murya, in fitar da su, in kashe data, in buɗe abin da ya fito. In muryar ba ta yi magana ba, sai wata rana. Wanda zai yi ƙaura kuma ina ce masa ya bar tsohon asusun a buɗe ko wata shida ne, ba ya cin tuwo. Kuma ya dubi nauyin fayil, ba yawansa kaɗai ba.

Abin da nake so daga waɗannan mutane bai taka kara ya karya ba. Ta buɗe da sauri a wayar talaka. Ta yi aiki inda babu sabis. In na nemi "kofa" ta kawo mini "ƙofa" da "k'ofa", domin a shekara tara na rubuta kalmar ta hanya uku, gwargwadon allon rubutun da ke wayata a lokacin. Kuma in zan tafi a ba ni kayana cikakku, ko a faɗa mini da manyan baƙaƙe abin da aka bari a baya.

Bara na koma Kura na sami babban ɗan marigayin. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce, "Malam, ai na tuna ranar da ka zo." Haɗin baban rini duk ya sani, ya maimaita mini har da ƙari. Da na tambaye shi waƙar, ya yi ta ƙoƙari, ya kamo baiti biyu, na ukun ya ce sai dai a tambayi wata gwaggonsu da ke aure a Bunkure, in tana iya tunawa. Na karɓi kwatancen gidan. Bayan sallah zan je.