Inda na kai da naɗar tashoshin dijital a kaset

'Yan uwa masu wannan sha'awa, barkanmu da war haka. Tsohuwar bidiyona mai kaset ɗin VHS ta fara naɗar shirye-shiryen dijital, hoto da sauti duka, ga kuma yadda aikin ya daidaita.

Abin da ke kamo tasha a cikin bidiyo na analog ne. Kowace irin eriya ka ɗaura mata, ba za ta gane siginar DVB-T2, wato ta tashoshin dijital da ake kamawa da eriya, ba. Dikoda ce za ta kamo tashar ta mayar da ita analog, ita kuma bidiyo ta naɗe abin da aka miƙa mata. Eriya ta shiga dikoda. Wayoyin nan uku, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, su fito daga dikoda su shiga kafar IN ta bidiyo, ta OUT kuma ta tafi talabijin. A rimot ɗin bidiyo ka bar lambobin tasha ka koma AV, wasu sukan rubuta L1 ko A1. In HDMI kaɗai dikodarka take da ita, sai ka nemo ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa AV.

Inda na fi daɗewa shi ne naɗa da agogo, ba na kusa. Bidiyo za ta tashi a lokacin da ka sa mata, amma ba ta da ikon kunna dikoda ko sauya mata tasha. Dole ka bar dikodar a kunne a kan tashar da kake so. Da yawansu kuma sukan kashe kansu in an yi sa'o'i 3 ba a taɓa rimot ba, to ka shiga saiti ka cire wannan, in ba haka ba baƙin allo za ka tarar. Idan dikodar tana da nata agogon, saita su biyun, ita ta riga bidiyo tashi da minti 2. Kuma duk abin da ya bayyana a allo ya shiga kaset ke nan: sandar ƙarin murya, jerin tashoshi, rubutun fassara. A yawancinsu ko muryar ka rage, a rage za ta naɗu. Ni dai ɓoye rimot nake yi har a gama.

Batun faɗin hoto, na zaɓi 16:9 a saitin dikoda. Hoton yakan shiga kaset a matse, talabijin mai faɗi ta buɗe shi, ba a yi asarar layuka a baƙin sama da ƙasa ba. Mai tsohuwar talabijin ta 4:3, gara ya zaɓi mai baƙin.

Kada kowa ya sa ran kaifin HD. Tsarin VHS da JVC ta fitar a 1976 bai wuce layuka kusan 240 ba, ƙananan rubutu sukan dushe. Amma da yake siginar dijital ba ta da yayyafi, hoton ya fi wanda muka saba naɗa a da tsabta, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai. Kaset ɗin E-180 na ɗaukar sa'o'i 3 a SP, wato gudun kaset na yau da kullum, 6 a LP, mai tafiya a hankali. Ina tsayawa a SP, don LP takan yi rawa in an kai ta wata bidiyon.

Abin da ya rage mini shi ne wani farin layi da ke giftawa a hoto. Zan goge kan bidiyon, wato abin da ke karanta kaset a cikinta, da sifirit na isopropyl da farar takarda, ban da auduga, don zarenta yakan maƙale ya karya kan. Wanda ya taɓa fama da irin wannan layin, ya gaya mana ko gugar ta wadatar.